IKKO GARIN BAƘI: ABIN DA MATAFIYI YA KAMATA YA SANI

Gabatarwa

 Kowace shekara, bayan an gama jarrabawar aji shida an ɗaure akwatuna, 'ya'yanmu sukan watsu ko'ina cikin ƙasa. Waɗansu sukan tafi jami'a, waɗansu koyon sana'a, waɗansu kuwa wurin dangi su jira sakamako. A cikinsu ba a rasa waɗanda ƙafa za ta kai su Legas, watau garin da iyayenmu suke kira Ikko. Wanda bai je yanzu ba ma, wataƙila bautar ƙasa ko neman aiki ko sarin kaya zai kai shi nan gaba.

Mun lura ɗalibanmu sun kasu biyu game da wannan gari. Akwai masu tsammani a Legas ana tsintar kuɗi a bakin titi. Akwai kuma masu ganin can matattarar ɓarayi ce, duk wanda ba ya jin Hausa kuwa abin gudu ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tunani yana jefa matafiyi cikin wahala. Na farko yana haifar da kwaɗayi, na biyu yana haifar da tsoro da ƙin mutane. Saboda haka a dogon hutun da ya wuce mu malamai uku muka ɗauki ɗalibai 12 na ƙungiyar tarihi da labarin ƙasa, muka yi kwana shida a can, gama gani ya kori ji. Abin da muka fi so mai karatu ya riƙe shi ne, Legas gari ne wanda baƙi suka cika, teku ce kuwa ta tara su. Wanda ya gane wannan zai san yadda zai zauna da mutanen garin.

Yadda Garin Yake Zaune

Mun bi ta Abuja, muka haye kogin Kwara kafin mu shiga Lokoja, sa'an nan muka wuce Okene da Akure, muka kwana a Ibadan domin ba mu so dare ya yi mana a hanya. Kashegari da hantsi muka iso bakin Legas. Abin da ya fara ba ɗalibai dariya shi ne, tun kafin mu shiga gari shanun Arewa ne suka tarye mu a kasuwar Kara, a gefen babbar hanya.

Mutum ba zai fahimci Legas ba sai ya fahimci ruwanta. A kudu akwai tekun Atalantika. A bayan gaɓar tekun akwai wani makeken tafki inda ruwan koguna, kamar kogin Ogun, yake gauraya da ruwan gishiri. Wannan tafki yana da ƙofa ɗaya da yake fita teku ta cikinta. Turawan Fotugal, waɗanda suka fara ratsa wannan gaɓa a ƙarni na 15, su ne suka sa wa wurin suna Lagos, wanda a harshensu yake nufin tafkuna. Masu garin kuwa Eko suke cewa, daga nan ne Bahaushe ya samo Ikko.

Tsakanin tafkin da teku akwai tsibirai. Akwai tsibirin Legas, inda tsohon gari da fadar Oba suke, da Ikoyi, da tsibirin Biktoriya, sa'an nan Lekki da ta miƙe zuwa gabas. A kan tudu kuwa akwai Ebute Metta, Yaba, Surulere, Mushin, Oshodi, Agege da Ikeja, hedkwatar jiha. Manyan gadoji uku ne suka haɗa tudu da tsibirin Legas: gadar Carter wadda aka fara ginawa ta farko aka buɗe a 1901, gadar Eko ta 1975, da gada ta uku wadda aka gama a 1990, mai tsawon kilomita 11.8. Daga kan wannan gada ta uku muka hango Makoko, unguwar masunta waɗanda suka kafa gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale kamar yadda namu suke tuƙa keke.

A nan ne dalilin cunkoson motocin da Legas ta yi suna a kai yake. Yawancin mutane a kan tudu suke kwana, gama hayar ɗaki ta fi sauƙi a can, amma manyan ofisoshi da bankuna da kasuwanni da yawa suna tsibirai. Da asuba jama'a su kwarara kudu ta gadoji uku, da yamma su kwararo arewa. Ga shi kuma jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa cikin jihohi 36. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ƙi yarda, ta ce sun wuce miliyan 17. Ko wanne aka ɗauka, mutanen sun fi ƙarfin filin.

Tashar Jiragen Ruwa

Me ya tara wannan jama'a a wuri mai fadama da sauro da zafi mai sa gumi dare da rana? Amsa ita ce ƙofar nan da tafki yake fita teku. A gaɓar wannan yanki, wuraren da jirgi zai shiga ya fake daga raƙuman ruwa ba su da yawa. Legas tana da ɗaya.

Cinikin da ya fara ɗaukaka garin abin baƙin ciki ne. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 Legas ta zama babbar kasuwar bayi, aka kwashe dubban mutane zuwa Birazil da Kyuba, Yarabawa da Nufawa da Hausawa a cikinsu. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gadon sarauta. A 1861 ɗansa Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta ba Ingila garin. Daga nan cinikin manja da ƙwarar kwakwar manja ya maye gurbin cinikin mutane.

Amma akwai wata matsala. Yashi yakan taru a bakin ƙofar, har babban jirgi ba ya iya wucewa. Sai ya tsaya can cikin teku, a sauke mutane da kaya cikin ƙananan jirage, abin da ya jawo asarar rayuka da dukiya. A farkon ƙarni na 20 aka jibge duwatsu aka yi dogayen ganuwa a gefe biyu na ƙofar, aka kuma yashe tsakiya, daga 1914 manyan jirage suka fara shiga ciki. A 1921 aka soma gina tashar Apapa. Malamin labarin ƙasa ya nuna wa ɗalibai wani abin lura a nan. Ruwan gaɓar yana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Da ganuwar ta tare yashin, sai gefen gabas ya rasa abin da yake cike shi, teku ta yi ta cin bakin tsibirin Biktoriya shekara da shekaru. Bar Beach, inda iyayenmu suka ɗauki hoto in sun je Ikko, babu ita yanzu. Tun daga 2008 aka shiga cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic.

Tashar ba za ta yi girma haka ba in ba don jirgin ƙasa ba. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901, aka buɗe hanya har Kano a 1912. Ta wannan dogo ne gyaɗar Kano, da audugar Zariya da Katsina, da fatu da ƙiraga, da kuzar Filato suka riƙa gangarowa bakin teku. Gishiri da kananzir da atamfa da kwanon rufi kuma suka hau zuwa Arewa. Watau gumin kakanninmu yana cikin harsashin Apapa.

A 1975 gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tashar za ta iya saukewa, ɗaruruwan jirage suka yi jerin gwano cikin teku wata da watanni. Wannan ya sa aka gaggauta gina tasha ta biyu a tsibirin Tin Can, aka buɗe ta a 1977. A 2023 kuma aka buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki, kusa da matatar man Aliko Dangote, mutumin Kano. Ko da yake an mayar da babban birnin ƙasa Abuja ran 12 ga Disamba 1991, ba a iya ɗauke teku a kai can ba, don haka ciniki ya zauna inda yake.

Ba a barin kowa ya shiga cikin tasha sai da izini. Mu daga bakin Marina muka tsaya muka hango Apapa a ƙetare, da injunan ɗaga kaya masu dogon wuya, da kwantenoni jere bisa juna kamar bulo. Wani ɗalibi ya ce jirgi ɗaya da muka gani ya fi dukan ajujuwan makarantarmu tsawo, ba mu kuwa yi masa gardama ba.

Su Wane Ne Mutanen Legas?

Masu ƙasa na asali su ne Awori, wani reshe na Yarabawa, manoma da masunta. Daga baya masarautar Bini ta shimfiɗa ikonta a wurin, sarautar Oba ta Legas ma tana danganta tushenta da Bini. A yammacin jihar da bakin ruwa akwai Egun, a gabas akwai Ijebu. Dole baƙo ya girmama wannan, kada ya ce gari ba shi da masu shi.

A ƙarni na 19 waɗansu baƙi iri biyu suka sauka daga jiragen ruwa. Na farko su ne Saro, watau bayin da aka 'yanta aka zaunar a Saliyo, suka yi karatu a makarantun mishan, sa'an nan suka komo ƙasar iyayensu. Daga cikinsu aka sami malamai da akawuna da likitoci da fastoci na farko. Na biyu su ne Aguda, waɗanda suka komo daga Birazil da Kyuba da sana'ar gini da kafinta da ɗinki. Har yanzu a kewayen dandalin Campos ana ganin ragowar gidajensu masu tagogi da ado, ana kuma jin sunaye irin su Da Rocha da Pereira a bakin mutanen da Yarabanci ne harshensu. Ran Jumma'a Mai Kyau zuriyarsu sukan dafa wani abinci da ake kira firejon, wake ne da madarar kwakwa, al'adar da ta ƙetaro teku tare da su.

A titin Martins mun ga masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894. Mai kuɗin da ya gina shi, Mohammed Shitta, Musulmi ne haifaffen Saliyo, wanda ya tsara ginin kuwa ɗan Aguda ne daga Birazil. A ƙasar Yarabawa abu ne da aka saba gani, gida ɗaya a sami Kirista da Musulmi, a ci Kirsimati tare a ci Salla tare. Ɗalibanmu sun yi ta tambaya a kan wannan, mu ma malamai ya ba mu abin tunani.

Bayan waɗannan sai sauran Nijeriya ta biyo. Inyamurai, ko mu ce Ibo kamar yadda suka fi so a kira su, sun riƙe kasuwar kayan lantarki ta Alaba da ta kayan gyaran mota ta Ladipo. Akwai Ijaw, Urhobo, Efik, Tibi, Idoma da sauransu. Daga waje akwai 'yan Labanan da Indiya da suka daɗe, da 'yan Sin da suka ƙaru a 'yan shekarun nan, da mutanen Jamhuriyar Benin, Togo, Gana da Nijar. Harshen da ya haɗa su a kasuwa shi ne Turancin buroka da Yarabanci.

Kada mu ɓoye, zaman bai kasance lafiya kullum ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu 'yan makonni su bar ƙasar. 'Yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita, da yawa ta tashar Apapa, kayansu cikin jakar nan mai zane da har gobe muke kira gana-masgo. Ita ma Gana ta kori 'yan Nijeriya a 1969. Wanda yake ɗan gari yau, gobe shi ne baƙo a wani wuri.

Sawun Masu Bishara

Ga ɗalibin makarantar mishan, Legas tana da wani tarihi da ya shafe shi kai tsaye. Mun ba da yini ɗaya ga Badagry, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Can ne Thomas Birch Freeman na Metodis ya sauka a Satumba 1842, a Disamba na shekarar kuma shi da Henry Townsend na CMS suka yi sujadar Kirsimati a gindin wani itace da ake kira agia. Itacen ya faɗi a 1959, an kafa alama a wurin. Gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845 yana nan tsaye. A ƙetaren ruwa kuma akwai hanyar yashi da ake bi da bayi zuwa bakin teku. Tafiyar 'yan mintoci ce tsakanin inda aka sayar da mutane da inda aka yi shelar cewa dukansu cikin siffar Allah aka halicce su.

A Marina mun shiga babbar majami'ar Angilikan, inda kabarin Bishop Samuel Ajayi Crowther yake. An kama shi bawa yana yaro a 1821, aka sa shi cikin jirgin Fotugal a Legas a 1822, sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin suka kai shi Saliyo. Yaron nan da ya fita ta wannan ƙofar teku a ɗaure, shi ne ya zama bishop baƙar fata na farko a ikkilisiyar Angilikan a 1864, ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya kai bishara gaɓar Kwara har Lokoja. Ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891. Makarantar sakandare mafi tsufa a Nijeriya ma a nan take, watau ta CMS wadda Thomas Babington Macaulay ya buɗe a 1859 da ɗalibai shida, yanzu tana Bariga. Ita ce kakar makarantu irin tamu.

Waɗanda suka fito daga ECWA a cikinmu sun tuna cewa a Legas ne Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka ran 4 ga Disamba 1893, da nufin shiga ƙasar da a lokacin ake kira Sudan, watau Arewa. Gowans da Kent sun mutu a 1894, amma aikin SIM bai mutu ba. Su ma baƙi ne da teku ta kawo.

Ɗan Arewa a Legas

Mutanenmu ba jiya suka fara zuwa ba. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, yawancinsu bayin da suka sami 'yanci, daga ita ne sojan Nijeriya yake ƙirga asalinsa. Cinikin goro ya zaunar da Hausawa a Agege. Akwai tsofaffin zango a Obalende da Idi-Araba, da sarakunan Hausawa a unguwanni dabam dabam. A kasuwar Mile 12 mun ga tireloli suna sauke tumatir da albasa da tattasai da dankalin Turawa daga Kano, Sakkwato, Filato da sauran wurare, Hausa kuwa ake yi kamar kana kasuwar garinku. A gidan tarihi na Onikan mun ga sassaƙen yumɓu na Nok daga kudancin Kaduna, da motar da aka harbe Janar Murtala Mohammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976.

Ga wani abin da ya kamata ku shirya masa. A Legas ba wanda zai tambaye ka ko kai Birom ne, ko Bajju, ko Tangale, ko Bura, ko Angas. Da an ji daga inda ka fito, kai Bahaushe ne, za a kira ka aboki ko malam, wani da ladabi wani da raini. Waɗansu ɗalibanmu abin ya ɓata musu rai da farko. Amma mun ga wani amfani a ciki. Bambancin da muke girmamawa a gida har ya kai mu ga faɗa, daga nesa ba a ko ganinsa. In kuwa rikici ya tashi, kamar na kasuwar Ketu a 1999 da na Idi-Araba a 2002 inda aka yi asarar rayuka, mai sanda ba ya tsayawa tambayar majami'arka.

Wani abu ya same mu a rana ta uku. Mun shiga bas biyu za mu Yaba, a wurin sauka wani yaronmu ɗan aji huɗu yana can kujerar baya, kafin ya fito mota ta ja. Ba shi da waya. Ya sauka a inda bai sani ba ya tsaya yana hawaye. Wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da burodi ta gan shi, ba ta jin Hausa, shi ma tsoro ya ɗaure masa Turanci. Ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani mai shayi, Musulmi ɗan Arewa. Mai shayin ya ce, "Ɗana, zauna, daga ina?" Ya haɗa masa shayi, ya kira lambar da muka rubuta wa kowane ɗalibi a takarda muka sa a aljihunsa. Da muka iso bayan kusan awa biyu, muka yi ƙoƙarin ba shi wani abu, ya ce, "Haba Malam, ni ma ranar da na sauka garin nan wani ne ya riƙe ni." Mun daɗe muna koyar da misalin Basamariye mai kirki a aji, ran nan kuwa muka gan shi da tukunyar shayi.

Shawara Ga Matafiyi

Na farko, kada ka tashi sai ka san inda za ka sauka da wanda zai tarye ka. Ka yi ƙoƙari ka isa da rana. Ka rubuta lamba da adireshi a takarda, gama waya takan mutu ko a sace ta. In za ka daɗe, ka karɓi wasiƙa daga fastonka. Akwai majami'u a Legas da ake sujada da Hausa, su ne kuwa dangin farko na ɗan Arewa Kirista.

Na biyu, ka koyi hanyoyin sufuri. Ƙananan bas masu ruwan ɗorawa su ne danfo, in za ka sauka sai ka ɗaga murya ka ce "o wa", ka kuma riƙe canji. Akwai manyan bas na BRT masu hanyarsu ta dabam tun 2008, ana biya da kati. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023, da na Agbado zuwa Oyingbo tun 2024. Ka shiga mota a tasha. Akwai 'yan fashi da suke yawo da mota kamar ta haya, ana kiransu wan-cans, sun fi ɗaukar mai tsayawa shi kaɗai a bakin hanya da asuba ko da dare. Mai niyyar zuwa yin acaɓa ya sani tun Yunin 2022 an hana ta a ƙananan hukumomi da dama, har da Ikeja, Apapa da tsibirin Legas, ana kuma kwace babura.

Na uku, kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aiki, ko ya ce zai fitar da kai Turai ta jirgin ruwa a asirce, ka rabu da shi. A Nuwamba 2022 an sami mutum uku zaune a kan ƙarfen juya akalar wani jirgin mai, sun yi kwana 11 daga Legas zuwa tsibiran Kanari na Sifen, ruwa yana ƙarƙashin ƙafafunsu. Su an gan su da rai. Waɗanda suka faɗa teku ba mai ba da labarinsu.

Na huɗu, ka yi gaisuwa. Yarabawa suna girmama na gaba ƙwarai, namiji yakan rusuna, mace takan durƙusa. Ka koyi "e kaaro" ta safe da "e se" ta godiya, ka kira dattijo baba, dattijuwa mama. Kada faɗan baki na 'yan kamasho da yaran mota ya tsorata ka, yawancinsa hayaniya ce ta neman abinci. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi mai shago ko mai tebur da yake zaune wuri ɗaya.

Na biyar, ka ji tsoron ruwa. Iyon da ka koya a rafin garinku ba zai yi maka aiki a teku ba, gama igiyar ruwa tana jan mutum ciki. In za ka shiga jirgin fito ka sa rigar kariya, kada ka yarda da wanda aka cika fiye da kima ko mai tafiya da dare. In kuma tafiyarka ta faɗa Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan sama ya fi yawa, ka shirya wa ambaliya a tituna.

Kammalawa

Manzo Bulus ya yi yawancin aikinsa a garuruwa irin wannan. A Ayyukan Manzanni sura 18 mun karanta cewa ya yi shekara ɗaya da wata shida a Korinti, birnin jiragen ruwa mai kabilu da yawa, yana ɗinkin tanti a gidan Akila da matarsa, waɗanda su ma baƙi ne da aka koro daga Roma. Bai guje wa garin ba, bai kuma bar garin ya canza bangaskiyarsa ba. Haka muke fata gare ku, 'yan aji shida masu fita. Ku tafi da idanu a buɗe, ku riƙe gaskiya da aikin hannunku, ku tuna da gida.

Mu da muka rage kuma, tafiyar nan ta bar mana tambaya. A garinmu akwai Ibo mai shagon magani, da Bayarabe makanike, da Bafulatana mai kawo nono, a ɗakin kwana kuma akwai sabon ɗan aji ɗaya da ba ya jin yarenmu. In ɗayansu ya tsaya a bakin hanya yana hawaye, wa zai kama hannunsa? Muna roƙo a sami mai yin haka daga cikin 'ya'yan wannan makaranta. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya kai ku lafiya ya komo da ku lafiya. Amin.